Firiji Mai Ƙofa Biyu

Shekara uku ke nan da likita ya ɗora Malam Mainasara a kan allurar insulin, kuma a cikin shekarun nan ba a taɓa yin ranar da 'yarsa Siddiƙa ta manta da lokacin allura ba. Ita ce malamar aji huɗu a firamaren Kukar Auta, wani ƙauye a gabashin Mai'adua da turakun lantarki ba su taɓa isa ba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinta, ta tarar ciwon suga ya fara cin dattijon, mutumin da a da yake kai shanu daga kasuwar Mai'adua har Kudu. Ta koyi yin allura, ta koyi gwada jini da 'yar na'ura, ta san abin da zai ci da wanda ba zai kusanta ba.

Abu ɗaya ya gagare ta, shi ne sanyi. Maganin ba ya jure zafi. Dabararta ita ce tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwar darbejiyar tsakar gida. Da damina dabarar tana yi, amma in bazara ta kama sai zuciyarta ta ƙi kwanciya. Shi ya sa ba ta ajiye fiye da kwalba ɗaya, in ta kusa ƙarewa ta hau babur zuwa Daura ta karɓo wata.

Wata rana ta dawo daga Daura rana ta gasa ta, ƙafafunta sun kumbura. Malam Mainasara ya dube ta ya ce wahalar ta isa haka. Ya sa aka sayar da bijimai biyu, aka kira Zakiyyu, mai haɗa sola daga Daura. Zakiyyu ya kafa faifan sola huɗu a kan rufin kwano, ya ajiye batir biyu da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta gida, a ɗakin ajiya, fitilu suka kama, fankar ɗakin Malam ta juya. Saura firiji.

A zaure aka yi maganar. Malam yana kan buzunsa, Siddiƙa tana bakin ƙofar ciki, yayanta Sada yana kan kujera yana danna waya. Sada shi ne babban ɗa, yana da shagon shinkafa da taliya a Kwangwalam da ke bakin iyaka, iyalinsa suna Mai'adua, yakan leƙo gida lokaci-lokaci.

Zakiyyu ya ce, "Baba, wutar nan da na haɗa ƙarama ce. Abin da zai dace da ita shi ne ƙaramin firijin sola, mai murfi ta sama kamar akwati. Kai tsaye yake sha daga batir, ba ya bi ta inbata. Yana da lamba a gaba, a ajiye shi a kan biyar, ba zai daskare ba, ba zai yi ɗumi ba. Shi magani ke so. Amma manyan nan na gidajen birni, musamman tsofaffi, in za su tashi fizgar wuta suke yi. Kafin asuba sun tsotse batir."

Siddiƙa ta ce, "Ka rubuta mana sunansa da girmansa."

Ya rubuta a takarda, ya miƙa mata. Malam ya ce ta ba yayanta, tunda shi ya san kasuwa, shi zai sayo. Ta ɗan yi jim da takardar a hannu, sannan ta miƙa.

"Yaya, don Allah wannan ɗin dai. Kada a canza."

Sada ya cusa takardar a aljihu bai ko duba ba. "To Malama, mun ji. Ai ba 'yan ajinki ba ne mu."

Da jin firiji na tafe, Siddiƙa ta je Daura ta karɓo kwalba uku a lokaci ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana dawowa ta hangi akori-kura a ƙofar gida, maƙwabta sun taru. Maza huɗu ke fama da wani ƙaton abu mai ruwan toka, ya fi ƙofar zaure tsayi, sai da suka kwantar da shi suka shigar. Ƙofa biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa, gefensa ya lotsa, robar bakinsa ta yi baƙi. Na hannu ne, ko makaho ya shafa ya sani.

Siddiƙa ta wuce ta sa kwalaben a tukunya. Ta jira mutane suka ragu, ta tari yayanta a tsakar gida.

"Yaya Sada, mene ne wannan?"

"Firiji mana. Ba ki gani ba? Daga ƙasar waje ya zo. Rago guda zai shige ciki."

"Ina wanda Zakiyyu ya rubuta?"

"Na gan shi. Wani ɗan akwati ne kamar na mai sayar da alawa. Ni zan ɗauko wannan in kawo gidan Malam Mainasara, a ce shi ne bijimai biyu suka saya? Mutane su yi mana dariya?"

"Ba don mutane aka saya ba, don maganin Baba ne! An gaya maka wutar ba za ta ja ba."

"Shi Zakiyyu so yake a sayi na abokin cinikinsa, na san halinsu. Ke kuma ki rage murya, da yayanki kike magana."

Ta nufi ɗakin mahaifinta tana haki. Malam ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Siddiƙa, ya riga ya kawo. A gwada mu gani. Kada ku yi mini rigima a kan ƙarfe."

Aka gwada. Da rana firijin yana gurnani kamar injin niƙa, yana yin sanyi ba laifi, saman har ƙanƙara yake yi. Amma kullum kafin kiran assalatu inbata ta fara kuka, fitilu su ɗauke, fankar Malam ta tsaya. In gari ya waye a tarar da ruwa ya malalo ta ƙarƙashinsa, cikinsa ya koma ɗumi, sai rana ta ɗaga sosai ya sake tashi. Siddiƙa ta kira Zakiyyu ta waya. Ya ce shi ya faɗi gaskiyarsa tun farko, kuma in aka ci gaba a haka batiran ma ba za su yi wata shida ba. Ta kira Sada, ya ce sabon wuri ne, firijin zai saba. Ta kashe wayar tun bai rufe baki ba.

Ba ta sa maganin a ciki ba. Ta bar kwalaben uku a tukunyarta, tana jiƙa yashin sau uku a rana, tana wuce ƙaton firijin a rumfa ba ta ko kallonsa.

Ana cikin haka aka tura sunanta taron bita na malamai a Katsina, kwana shida. Ta nemi a sa wani, shugaban makaranta ya ce ba hali. Ta ɗauko Gwaggo Hussaina, ƙanwar mahaifinta, ta zo ta zauna. Ta nuna mata tukunyar, ta nuna mata yadda ake jiƙa yashi. Allura kuwa Malam ya iya yi wa kansa.

"Gwaggo, kada kowa ya taɓa tukunyar nan. Kowa fa na ce."

Washegarin tafiyarta Sada ya zo da baƙi, abokan kasuwarsa daga tsallaken iyaka. Ya shigar da su har rumfa don su ga firiji, aka sha ruwa mai ƙanƙara, aka yi ta yabo. A nan ya ga Gwaggo tana zuba wa tukunya ruwa, ya tambaya, ta gaya masa. Ya yi tsaki, ya ce ga firiji a gida amma ana ajiye maganin Baba a cikin yashi kamar ƙwan zabi. Gwaggo ta ce Siddiƙa ta hana. Ya ce Siddiƙa ba ita ce babba a gidan ba. Ya kwashe kwalaben uku, ya buɗe ƙofar sama inda ya fi sanyi, ya jera su kusa da robobin ƙanƙara, ya murɗa abin sanyin har ƙarshe, ya tafi.

Kullum Siddiƙa tana kira daga Katsina. Malam ya ce lafiya lau. Gwaggo ta ce lafiya, sai dai yana yawan shan ruwa, ai zafi ne. Ba ta ambaci zancen tukunya ba, don tsoron kada ta haɗa 'yan'uwa faɗa. Ita dai in lokacin allura ya yi ta ɗauko kwalba, in ta daskare ta murza ta a tafin hannu har ta narke, ta kai masa.

Ranar kwana na biyar, suna tsakiyar darasin safe, wayar Siddiƙa ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ta ce Malam ya yi amai sau uku, ya kasa tashi salla, ana yi masa magana yana amsawa da ƙyar.

Siddiƙa ba ta nemi izinin kowa ba. Ta bar jakarta a masauki, ta shiga motar Daura, daga Daura ta hau babur. La'asar ta yi mata a ƙofar gida. Ta tarar da mahaifinta kwance, leɓunansa sun bushe sun tsage, numfashinsa yana fita da ƙarfi da wani wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. Ta soki yatsansa ta gwada, na'urar ta ƙi nuna lamba, sugan ya wuce iyakar abin da take iya aunawa. Ta ruga gindin darbejiya ta buɗe tukunya, ba komai.

"Gwaggo, ina maganin?"

Gwaggo Hussaina ta nuna firijin da hannu, ta fashe da kuka.

Siddiƙa ta fizge ƙofar sama. Ga kwalaben nan, raɓar ƙanƙara ta lulluɓe su. Ta tsaya tana kallonsu. Ta kwashe su ta zuba a jakar hannu, ta fita neman mota.

A asibiti a Daura aka ɗaura masa ruwa nan take. Da likitar da ke duba shi ta samu sarari, Siddiƙa ta miƙa mata kwalba ɗaya. Likitar ta ɗaga ta a haske, ta juya, wasu gudaji-gudaji suna yawo a ciki.

"Wannan ya daskare ya narke ba sau ɗaya ba. Ya mutu. Kwana nawa yana yin allura da shi?"

"Huɗu."

"To kwana huɗu ruwa kawai yake tsira wa kansa. Da kun ƙara yini guda, da wani zancen muke yi. Wa ya sa insulin a gidan ƙanƙara?"

Siddiƙa ta ce, "Ɗansa."

Sada ya iso washegari da hantsi, da ledar ayaba da lemon kwalba a hannu. Ya leƙa ya ga mahaifinsa da robobi a hannu, ya fito baranda inda take zaune.

"Sannu Siddiƙa. Gwaggo ta gaya mini. Ni wallahi gyara na yi niyya. Ƙaddara ce, ba yadda aka iya."

Ta ɗago kai. "Ƙaddara ce ta yi watsi da takardar Zakiyyu? Ƙaddara ce ta buɗe tukunyata?"

"Kada ki fara, nan asibiti ne."

"Na san asibiti ne, ni na kawo shi. Kuma ka ɗauke lemon nan daga gabana. Mai ciwon suga ka kawo wa lemo. Shekara uku ubanka yana ciwo, ko abin da yake sha ba ka sani ba."

Ya ajiye ledar a kan benci ya tafi. Bai ce ya yi kuskure ba. Wannan kalma ɗaya ta jira, kwana uku tana zaune a barandar tana jira, yana zuwa yana gaishe da Malam yana wuce ta kamar bango. A kwana na huɗu, da Malam ya fara zama yana shan kunun da ba suga, ta bar Gwaggo a wurinsa ta ce za ta je gida ɗauko kaya.

Ba kaya ta je ɗauka ba. Ta tsaya a Mai'adua ta ɗauki akori-kura da 'yan dako uku. Suka ciro firijin daga rumfa, suka kwantar da shi suka fitar kamar yadda ya shigo, ruwa na ɗiga daga cikinsa. Ta shiga gaban mota ta ce wa direba Kwangwalam.

Hantsi ne, layin shaguna cike da masu lodi da 'yan babur. Sada yana zaune a kan buhun shinkafa da mutane a gabansa sai ya ga mota ta ja baya har bakin shagonsa. 'Yan dako suka sauke firijin suka tsayar da shi daidai ƙofar, ya toshe rabin hanyar shiga. Siddiƙa ta fito tana gyara hijabinta.

Sada ya miƙe. "Ke! Haukacewa kika yi? Mene ne haka?"

"Kayanka na kawo maka. Ka ce mutane kake so su gani, to ga mutane nan, su gani."

"Ki shiga mota ki bar nan tun ban ɓata miki ba."

"Ka riga ka ɓata. Me ya rage?" Ta juya ga waɗanda suka fara taruwa. "Bayin Allah, ku kalle shi da kyau. Daga ƙasar waje ya zo, rago guda yana shigewa. Shi ne ya kwantar da Malam Mainasara a asibiti yau kwana huɗu. Mai haɗa sola ya rubuta abin da za a sayo, wannan bawan Allah ya ce ya yi masa ƙanƙanta, za a yi masa dariya."

Wani dattijo mai shagon kusa ya taso yana cewa, "Haba Malama, yi haƙuri, yayanki ne fa. A bar maganar gida a gida."

"Baba, a gida na fara yin ta. Na yi ta a zaure, na yi ta a tsakar gida, na yi ta a waya. Ba wanda ya ji, don ni mace ce kuma ƙanwa. Shekara uku ni ke jiƙa yashi, ni ke hawa babur a rana, shi kuma yini ɗaya ya zo ya nuna wa baƙi ƙanƙara."

Ta ciro kwalaben uku daga jaka, ta jera su a kan firijin ɗaya bayan ɗaya. Sada ya ɗaga hannu, mutane biyu suka riƙe shi. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wallahi sai na gaya wa Baba! Kin tozarta ni a gaban abokan sana'ata!"

"Je ka gaya masa. Gado na uku ne daga ƙofa, in ka manta."

Ta shiga mota. Sai da suka wuce shingen jami'an iyaka sannan ta lura hawaye na zuba, ba ta san lokacin da suka fara ba.

Sada ya riga ta isa asibiti. Da ta shiga ya fita, ko kallonta bai yi ba. Malam Mainasara yana jingine da filo, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya nuna mata bakin gado ta zauna.

"Abin da kika yi ba ki kyauta ba."

Ya gyara jingina, ya ci gaba.

"Ɗan'uwanki ne. Kin tsaya a kasuwa kina ɗaga murya, da sunana a bakinki. Ban haife ki don haka ba."

"Baba, saura kaɗan ka mutu."

"Na sani, a jikina aka yi."

"Kuma kai ka ce in ba shi takardar. Na zo na same ka ranar da ya kawo abin nan, ka ce a gwada. A kanka aka gwada, Baba."

Ba ta taɓa yi wa mahaifinta magana irin wannan ba. Gwaggo Hussaina ta kama baki. Malam ya daɗe yana kallon robar ruwan da ke hannunsa, sannan ya ce a kira masa Zakiyyu. Da aka haɗa su a waya ya ce masa akwai ɗan maraƙi a garke, za a sayar, ya kawo wancan ƙaramin da ya faɗa tun farko, kuma duk abin da ya shafi wutar gidan nan daga yau da Siddiƙa zai riƙa magana. Ya miƙa mata wayar.

"Wannan na yi. Ke kuma in an sallame ni za ki je gidan yayanki ki gaishe shi."

"Shi ba zai ba ni haƙuri ba?"

"Ban ce ki ba shi haƙuri ba. Gaisuwa na ce."

Kwana tara Malam ya yi aka sallame shi. Ƙarfinsa bai dawo kamar da ba, masallacin ƙofar gida ma sai da sanda. Zakiyyu ya zo ya duba batiran, ya ce ɗaya ya yi rauni amma zai ja. Ya ajiye ƙaramin firijin a ɗakin Siddiƙa, ya haɗa shi, lambar gaba ta sauka sannu a hankali ta tsaya a kan biyar. Ta kwana uku tana duba shi da asuba kafin ta yarda ta sa magani a ciki.

Ranar Juma'a ta shirya ta tafi Mai'adua, kamar yadda aka umarce ta. Matar Sada, Raihana, ta tarbe ta da fara'ar da ba ta kai ciki ba, ta shimfiɗa mata tabarma. Sada ya fito daga ɗaki da hula a hannu, ya tsaya daga nesa.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya."

"Baba ne ya aiko ni in gaishe ka. Na gaishe ka."

Ya juya hular a hannunsa. Ta ga bakinsa ya motsa kamar zai ce wani abu, ta dakata, ta ba shi lokaci. Sai ya ce, "Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Yana tafiya da sanda."

Ya gyaɗa kai, ya sa hular, ya ce zai makara masallaci. Raihana ta kawo ruwa a kofi, ta ce ta tsaya a ci abinci. Siddiƙa ta yi mata godiya, ta ce ƙarfe biyu take gwada jinin Baba, kuma babur na jiranta a waje. Ta sa takalmanta ta fita.